Hanyar Dakwaro da Guzurin Mai Lantiyi a Ido

Duk wanda ya taɓa shiga motar Dakwaro daga Maraɗi da sanyin safiyar hunturu ya san cewa tun kafin ƴan kamasho su gama cika mota, ƙura ta riga ta kama aikinta. Tana kwanciya bisa buhunan kaya, tana shiga kwanon mai ƙosai, tana mai da baƙin gemu furfura. Fasinjoji kuwa kowa da irin shirinsa: bafatake ya ja rawani har bisa hanci, tsohuwa ta lulluɓe da mayafi, ma'aikacin da aka tura rangadi ya ɗaura ƙyalle a baki yana rungume da jakar takardu. A ƴan shekarun nan an samu ƙarin wani irin matafiyi a wannan tasha, wanda ba a gane shi da kallo. Fuskarsa babu tabarau, alhali yana ɗauke da shi manne cikin ido. Shi ne mai sanye da abin nan da masu jin Faransanci ke kira lantiyi. Galibinsu matasan ma'aikata ne da suka yi karatu a Yamai ko Dakar ko Maroko, da ƴan kasuwa masu zuwa Dubai da Jidda, sai kuma ƴan mata da amare masu sayen mai launi domin kwalliya. A cikin dukkan fasinjojin motar, su ne suka fi buƙatar shiri, kuma sau da yawa su ne suka fi ƙarancinsa.

Lantiyi wani ɗan faifai ne garau, siriri kamar ɓawon albasa, faɗinsa kimanin milimita 14, ana ɗora shi bisa baƙin ido ya yi aikin da tabarau ke yi. A 1888 wani likita mai suna Adolf Fick ya gwada na gilashi a birnin Zurik na ƙasar Suwis, amma nauyinsa bai bari a jure shi ba sai na ƴan awoyi. A 1961 ne wani masanin haɗa sinadarai, Otto Wichterle, ya ƙera mai taushi a birnin Prag, da wata irin roba mai shan ruwa, kuma a 1971 ya shiga kasuwa a Amurka. Wanda ake sawa yini guda a yar ya fito a tsakiyar shekarun 1990. Amfaninsa ba a ɓoye yake ba: gumi ba ya zamar da shi, cunkoson mota ba ya karya shi, rawani ko niƙabi ba ya takura masa, kuma mai shi yana ganin gefe kamar yadda yake ganin gaba. Mai sa shi ba abin zargi ba ne. Sai dai an ƙirƙiro shi a ƙasashen da famfo da sabulu ke cikin kowane ɗaki, likitan ido kuma na bayan layi. Hanyar Dakwaro ba ta yi wa kowa wannan alkawari ba.

Domin a fahimci inda haɗarin yake, sai an san halin ido kansa. Ɓawon nan garau da ke rufe da baƙin ido, wanda likitoci ke kira korne, ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Numfashinsa daga iskar waje yake samu, ta hanyar ɗan ruwan hawaye da ke shafe da shi kullum, kuma kowace ƙiftawa tana sabunta wannan ruwa tana share dattin da ya faɗa. Lantiyi bisa wannan ruwa yake iyo. Idan ruwan ya ƙafe, lantiyi ya bushe ya fara gogar ido. Idan ƙwayar rairayi ta shiga ƙarƙashinsa, kowace ƙiftawa kankara ce. Idan kuma ƙwayar cuta ta samu wannan kankarar, to ta samu ƙofa, lantiyi kuma ya zame mata rumfa inda hawaye ba ya isa ya wanke ta. Abu uku ke nan lantiyi ke tsoro: bushewa, ƙura da ƙazamin ruwa. Duka ukun kuwa ƴan gida ne a arewacin jahar Maraɗi.

Daga Tsibiri zuwa Kornaka

Tsakanin Maraɗi da Dakwaro kimanin kilomita 120 ne. Mota na bin babbar hanyar Yamai har wajen Tsibirin Gobir, sannan ta karkata arewa. Tsofaffin direbobi na tuna lokacin da hanyar take jar ƙasa mai gargada, mutum ya sauka a Dakwaro jawur kamar wanda aka tono. Yau an shimfiɗa kwalta, tafiya ta ragu, amma kwalta ba ta hana iska. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da lallausar ƙura wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tsohon gindin tafki da ya ƙafe. A irin waɗannan ranaku rana kan zama kamar farin faranti, leɓe ya tsage, hanci ya bushe. Abin da ya tsaga leɓe kuwa ba zai bar ruwan ido ba.

Hanyar na ratsa gonakin hatsi da wake waɗanda a wannan lokaci ba su da komi sai kara da rumbuna, ta wuce Sabon Mashi, ta tsallaka kwarin Gulbin Kaba inda goriba ke tsaye jefi-jefi, inda mata ke samun kabar saƙar tabarma da igiya. Gulbi ne a suna, yashi ne a ido. A nan matafiyi zai lura cewa itatuwa sun fara nisa da juna, ƙasa ta fara fari, kuma duk motar da aka yi kiciɓis da ita a gefen kwalta tana barin gajimaren turɓaya a bayanta.

Mai lantiyi ya kamata ya fara shirinsa tun daga zaɓen wurin zama. Gefen taga shi ne mafi daɗi ga kowa, shi ne kuma mafi sharri gare shi, domin iskar da ke bugun fuska kai tsaye tana busar da ido cikin ƴan mintoci. Wanda ke cikin motar ofis mai na'urar sanyi shi ma bai tsira ba, domin iskar na'urar busasshiya ce, sai a kawar da bakinta daga fuska. Direba ya fi kowa shiga wannan hali, saboda mai zura wa hanya ido ƙiftawarsa na raguwa ba tare da ya sani ba, haka ma fasinjan da ya duƙufa bisa wayar salula. Babban baƙin tabarau mai rufe gefe da gefe garkuwa ne na ƙwarai, kuma ba sabon ilimi ba ne: Abzinawan da ke hawa motar a Kornaka sun daɗe da sanin cewa a wannan ƙasa rawani da tabarau kayan aiki ne. Akwai kuma ɗigon jiƙa ido da ake sayarwa a farmasi, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da lantiyi. Wanda ke zuwa cikin ƴan ƙananan robobi na amfani sau ɗaya ya fi dacewa da tafiya. A ɗiga tun kafin ido ya fara ƙaiƙayi, kuma a yawaita shan ruwa.

Idan kuwa rairayi ya faɗa, abin da hannu zai fara nema shi ne murza ido, kuma shi ne abin da ya fi kowane ɓarna. A ƙifta, a ɗiga ruwan jiƙa ido, a bar hawaye ya yi aikinsa. In abin bai fita ba, a cire lantiyi da hannu mai tsabta, a sa tabarau har a sauka. Masu lantiyi mai tauri sun fi jin wannan azaba, domin ƙura ta fi samun hanyar shiga ƙarƙashinsa. Akwai masu tsoron cewa lantiyi zai zarce bayan ido ya ɓace cikin kai. Wannan ba ya yiwuwa, domin akwai wata ƴar fata da ta haɗe farin ido da cikin fatar ido ta toshe hanyar. In ya zame, yana nan maƙale ƙarƙashin fatar ido ta sama, kuma da ɗigon ruwa da haƙuri zai sauko.

Wanda ya taso tun daga Yamai, fiye da kilomita 600 kafin ma a kai Maraɗi, gara ya yi doguwar tafiyar da tabarau, domin ba wanda ke yini cikin babbar mota bai yi gyangyaɗi ba. Haka nan ɗan kasuwar da ya sauko daga jirgin sama: laimar iskar cikin jirgi kan gaza kashi 20 cikin 100, wato hunturu ne na sararin sama, kuma ido kan sauka a gajiye.

Garin Dakwaro da kasuwarsa

Dakwaro ba tsohon birni ba ne irin Katsina ko Damagaram. A 1947 Turawan Faransa suka kafa bariki a wurin domin su sa ido kan makiyaya da manoman da ke ta kutsawa arewa neman sabuwar ƙasa, garin kuma ya girma a gindin barikin har ya zama babban birnin gunduma. Amma ƙasar da yake zaune a kanta tana da tsohon tarihi, domin ba nisa da shi Birnin Lalle yake, inda Gobirawa suka yi zaman sarauta bayan sun baro Abzin, kafin su gangara kudu. A yau garin mahaɗa ce ta manomi da makiyayi: Hausawa, Fulani, Woɗaɓe da Abzinawa duk a kasuwa ɗaya suke ciniki, hatsi da wake na hawa arewa, shanu da raƙuma da awaki da cuku na gangarowa kudu, har su tsallaka zuwa kasuwannin Najeriya.

Bafataken da ya zo sayen dabbobi a kara zai yini cikin wata ƙura da ta fi ta hanya muni, domin kofato ne ke tayar da ita, kuma a gauraye take da busasshen kashin dabbobi da ɗiyan ciyawa. Ga ƙudaje. Ga kuma abin da hannunsa ke taɓawa tun safe: ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya shafa tozon sa, ya ƙirga tsofaffin takardun sefa da suka ratsa hannu dubu, ya yi musafaha da dillalai, ya tsaya wurin mai balangu ya dangwali yaji. Da wannan yatsa ne zai taɓa baƙin idonsa da dare. Saboda haka dokar farko ta mai lantiyi a Dakwaro ita ce sabulu a aljihu. A wanke hannu sarai har ƙarƙashin farce, a tsane shi ƙaƙas da tsumma mai tsabta ko takardar goge hannu, sannan a kusanci ido. Ruwan barasar nan na goge hannu da ya yaɗu tun annobar korona ta 2020 yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba ya fid da datti ko yaji, kuma in bai bushe ba yana ƙona ido. Taimako ne wurin da babu ruwa, ba ya maye gurbin sabulu. A ranar kasuwa dai, mai hankali tabarau yake sawa tun daga masauki.

Mata kuma akwai batun kwalli. Garinsa na shiga ruwan ido ya manne wa lantiyi, musamman in an zizara shi a cikin gefen fatar ido. Ƙa'ida ita ce a sa lantiyi kafin kwalliya, a cire shi kafin a goge ta, a kuma nisanta kwalli daga cikin ido. Lantiyi mai launi da ake saye a tebur ko wurin mai kayan shafe-shafe ba tare da awon likita ba ya fi kowane haɗari, domin idanu ba girmansu ɗaya ba, kuma ba a san inda aka ajiye shi ba. Aron na ƙawa ranar biki kuwa aron ciwo ne.

Ruwa, alwala da ido

A ƙasar Dakwaro ruwa abu ne mai daraja. Rijiyoyin daji suna da zurfin da sai an ɗaura wa raƙumi ko sa ko jakai igiyar guga su ja, kuma baƙo ba ya sauka gidan kowa a rasa tarbarsa da kwanon ruwa. Wannan ruwa na sha ne, na wanka ne, na alwala ne, amma ko kusa ba na lantiyi ba ne. Ba ruwan rijiya kaɗai ba: ruwan famfo, ruwan randa, ruwan leda, har ruwan kwalba da aka sayo da tsada, babu wanda ya halatta a wanke lantiyi da shi ko a jiƙa shi a ciki. Dalili kuwa wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, likitoci na kiranta akantamiba, wadda ke zaune cikin ruwa da ƙasa a ko'ina cikin duniya. Wanda ya sha ta cikin ruwa ba ta cika yi masa komi ba. In kuwa ta manne wa lantiyi ta samu ƴar kankara a ido, sai ta shiga cin ɓawon ido da zafin da ke hana barci, maganinta na ɗaukar watanni, kuma sau da yawa tana barin hakiya. Idan ta ji wuya takan shige cikin wani ƙoƙo mai tauri wanda sinadarin tsabtace ruwan famfo ba ya kashewa. A shekarun 1980 an ga yawaitar wannan ciwo a Amurka wurin masu haɗa ruwan gishiri da kansu a gida domin jiƙa lantiyi, saboda haka wannan dabara ma ba mafita ba ce. Miyau kuwa ya fi duka muni, domin baki matattarar ƙwayoyin cuta ne.

Musulmi na wanke fuska sau da yawa a yini, don haka tambayar alwala dole ta taso. Abin da aka wajabta shi ne wanke fuska, kuma malaman Malikiyya ba su wajabta shigar da ruwa cikin ido ba. Mai lantiyi sai ya rufe idanunsa sosai lokacin wanke fuska, kada ya buɗe sai ruwan ya sauka daga gashin ido. Wajen wanka kuwa, na tsarki ne ko na gajiya, a cire shi tukuna. Haka nan da damina, lokacin da tabkuna suka cika a gefen hanya zafi kuma ya sa mutum sha'awar watsa ruwa a fuska.

Mutanen wannan jaha sun san tsadar ido tun kafin zuwan lantiyi. Binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1990 ya sa jahar Maraɗi cikin waɗanda ciwon amadari ya fi yawa a Nijar, ciwon nan da ƙuda da hannu ke yaɗawa tsakanin yara, wanda in ya daɗe yake juyar da gashin ido ciki ya yi ta gogar baƙin ido har ya makantar. An yi shekaru ana yaƙi da shi, ma'aikatar lafiya da abokan aiki irin su Cibiyar Carter, ta hanyar fiɗa, rabon magani, gina salanga da koya wa yara wanke fuska. Wannan gargaɗi na wanke fuska gaskiya ne kuma yana nan daram. Abin da mai lantiyi zai riƙe shi ne, ruwan da ke tsare idon yaro daga amadari shi ne kuma ke iya kai wa nasa idon cuta muddin lantiyi na ciki. Haka kuma in ciwon Apolo ya shigo gari, jan idon nan mai saurin yaɗuwa da aka fara gani a Gana a 1969, sai a ajiye lantiyi gaba ɗaya har annobar ta wuce.

Dare a masauki

Yawancin ɓarna da dare take faruwa. Ma'aikaci ya yini yana zagayen makarantu ko rumbunan tsimi, ya dawo masauki a gajiye, wutar lantarki ta ɗauke, madubi babu, sai zuciya ta ce masa dare ɗaya ba ya komi. Idan ido na rufe, iskar da ke isa ga ɓawonsa ta riga ta ragu, lantiyi kuma ya ƙara tare ta, ga ɗumi ga laima, wurin da ƙwayar cuta ke so ke nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa barci da lantiyi na ninka haɗarin kamuwa sau 6 zuwa 8. Gyangyaɗin bayan azahar a ƙarƙashin bedi ma barci ne. Don haka a cire shi tun da sauran haske, kafin magariba, a kuma riƙe ƴar fitila da ƙaramin madubi cikin jaka.

Mai lantiyin wata ko na mako biyu sai ya taho da ruwan ajiyarsa wanda zai ishe shi har ya koma, da ƙari, domin ba abu ne da za a dogara da samunsa a kantunan ƙauye ba. In ya cire, ya zuba ruwan a tafin hannu ya murza lantiyi a hankali, ya ɗauraye, ya sa cikin ƴar battarsa da sabon ruwa. Ba a ƙara sabo bisa na jiya, ana zubar da tsohon ne ƙaf. Da safe a ɗauraye battar da ruwan ajiya, a kife ta ta bushe a wurin da ƙura ba ta kai, kuma a sake sabuwa duk wata 3. Ba a juye ruwan cikin wata ƴar kwalba don rage kaya, domin da zarar ya bar kwalbarsa tsabtarsa ta tafi. Masu amfani da ruwan nan mai kumfa, wanda ke da jan baki a kwalba, su tuna cewa sai lantiyi ya yi aƙalla awa 6 cikin battarsa ta musamman kafin ya koma ido, in ba haka ba ƙuna ce. Da bazara kuma, watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ba a barin kwalba ko kwalin lantiyi a gaban mota cikin rana. A naɗe su cikin tufafi a tsakiyar jaka.

Duk wannan wahala tana raguwa ga wanda ya sayi lantiyin yini guda domin tafiya. Ba batta, ba ruwan ajiya: a ɓare sabo da safe, a yar da yamma. Ya fi tsada, amma kuɗin kwali guda bai kai kuɗin jinyar ido ɗaya ba. Sharaɗinsa dai kada rowa ta sa a maimaita na jiya.

Arewa da Dakwaro

Daga Dakwaro zuwa arewa tafiya na sake kama. Hanyoyin Sakabal da Bermo da Gadabeji na yashi ne, motocin kasuwa na ɗaukar mutane a bayansu a fili bisa kaya, wasu wuraren kuma sai babur. Ana gangara kwarin Tarka, wani tsohon gulbi da ya mutu ya bar faffaɗar makiyaya. A 1961 gwamnatin Nijar ta kafa doka da ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya, kuma wannan yanki na cikin inda iyakar ta ratsa, ko da yake gonaki sun daɗe da ƙetare ta. Can gaba akwai gandun dajin Gadabeji mai eka dubu 76 ta awon hekta, wanda aka keɓe tun 1955, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin gandayenta a 2017, kuma a 2018 aka kai masa raƙuman dawa 8 daga yankin Kure. Ƙasa ce mai kyan gani, musamman bayan damina lokacin da ciyawa ta rufe tuddai Woɗaɓe kuma suka taru domin bukukuwansu.

Mai lantiyi ya kamata shi ma ya shata wa kansa iyaka, kuma wurin da kwalta ta ƙare shi ne wurin da ya dace. Bayan nan mota na iya kafewa a yashi a kwana a daji, ruwan da ke cikin jarka na sha ne ba a ɓarnatar da shi a wankin hannu, guguwa na tasowa ba sallama, kuma a farkon damina hadari kan turo jan bangon ƙura a gabansa wanda ke mai da rana dare. Wanda ya ƙetare wannan iyaka da tabarau bisa hanci bai rasa komi ba sai ɗan kwalliya.

Alamun da ba a jira da su

Akwai alamu da matafiyi zai riƙe kamar lambar wayar gidansa: ido ya yi ja, yana zafi ko suka, yana ƙin haske, yana zubar da hawaye ko kwantsa, gani ya dushe, ko an hango ɗan farin ɗigo bisa baƙin ido. Da ganin ɗaya daga ciki, a cire lantiyi nan take, kada a mayar. A adana shi cikin battarsa, domin likita na iya bincikarsa ya gano irin ƙwayar. In zafin bai kwanta ba cikin ƴan awoyi bayan cirewa, ko kuwa akwai farin ɗigo ko dushewar gani, to ciniki ya ƙare, rangadi ya ƙare, sai neman likita a ranar. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna sudomonas da ke son lantiyi, wadda ke iya cin ɓawon ido ta huda shi cikin kwana 2. Wanda ke Bermo ya lissafa awoyin da ke tsakaninsa da likitar gundumar Dakwaro, ya ƙara da na zuwa Maraɗi inda ƙwararrun likitocin ido suke, zai ga cewa ba shi da daren da zai bayar kyauta.

A kan hanyar zuwa likita kada a ɗaure idon da tsumma, kada a ɗiga masa nono ko ruwan sukari ko ruwan wani ganye, kada kuma a sayi maganin ɗigo wurin masu talla a tasha. Da yawa daga irin waɗannan magunguna na ɗauke da sinadarin kotizon, wanda ke kwantar da ja da zafi mutum ya ɗauka ya warke, alhali ya ɗaure wa ƙwayar cuta gindi ne tana ci a ɓoye.

Guzurin mai lantiyi dai ba shi da nauyi: tabarau mai awon idonsa na yanzu cikin gidansa mai tauri, baƙin tabarau na rana, lantiyi fiye da kwanakin tafiya, ruwan ajiya da batta, ɗigon jiƙa ido, sabulu, takardar goge hannu, madubi, fitila, da takardar likita mai lambobin lantiyinsa, domin awon lantiyi daban yake da na tabarau. Duka za su shiga aljihun jaka guda, kuma a jikin mutum ake riƙe su, ba cikin kayan da aka ɗaure bisa rufin mota ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Bafatake na iya faɗuwa a cinikin bana ya tashi a na baɗi, ma'aikaci na iya rasa rangadin wannan wata ya rama a na gaba, amma hakiya in ta zauna bisa baƙin ido da wuya ta tashi. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa da idanunsa biyu.